Kaset ɗin Yaya a Hanyar Kelle

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba muddin ina numfashi, ranar da na kifar da mota a hanyar Kelle saboda wani kaset da ba nawa ba. Na daɗe ban ba kowa labarin ba. Abin da ya sa na ɗauko shi yanzu shi ne surutun da nake ji a tashar Gure tun da aka fara matsa wa direbobi a kan dokar hana riƙe salula ana tuƙi. Kullum sai ka ji wani matashi yana kumfar baki, wai jandarma sun tsayar da shi sun ci shi tara, alhali shi gaisuwa kawai yake amsawa, kuma ko idonsa a rufe ya san hanyar. Ni dai ina kan bencina ina kurɓar shayi ina jin su. Na taɓa zama mai irin wannan bakin, har ma na fi su.

A shekarun casa'in babu salula a Gure. Tarho yana gidan waya, kuma talaka ba ya leƙa can sai abu ya ɓaci. Amma muna da tamu hanyar jin muryar na nesa, wato kaset. Wanda ya tafi ci-rani Libiya zai ari rediyo mai ɗaukar magana, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya yi ta zuba kamar danginsa suna zaune a gabansa, har fuska ɗaya ta cika. Sai ya naɗe kaset ɗin a ƙyalle ya ɗinke, ya ba mai dawowa gida. Kuma abin yana da ƙa'idarsa. Ba a farke ɗinkin sai a gaban babban gida. A share tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, a sayo sababbin pil a sa wa rediyo, a kira maƙwabta, sannan a kunna. In an gama ji sai a juya ɗaya fuskar a ɗauki amsa, kowa ya matso ya faɗi tasa, a sake ɗinkewa a jira mai tafiya. Kowa ya san ba a satar jin kaset, kuma ni ma na sani.

A lokacin ina ɗan shekara ashirin da huɗu, ina tuƙa wata tsohuwar kat-kat, motar shiga yashi mai buɗaɗɗen baya, ta wani Alhaji ɗan Damagaram mai kanti a kasuwar Gure. Ina kai masa kaya kasuwannin ƙauye, Gidigir yau, Kelle gobe, in cika baya da mutane da buhunan hatsi da duk abin da ya samu. Kaina ya yi girma ƙwarai a shekarun nan. Ina taƙama da cewa yashi bai taɓa riƙe ni ba, kuma in ana hirar direbobi ba na bari a gama ba a ambace ni ba. Abin da na fi ji da shi a motar shi ne wani rediyo mai cin kaset da na ɗaura da hannuna a ƙarƙashin allon gaba. Yana da hali guda mara kyau, in ya ga dama sai ya kama zaren kaset ya yi ta tauna. Na san halin nasa sarai, har ina ajiye biron bik a aljihu don naɗe zaren in ya zazzago.

Mu biyu ne maza wajen Innarmu, ni da Yaya. Shi ne ɗan fari. Bayan wata shekara da dabbobinmu suka ƙare, ya bar garkarmu ta cikin kwari, ya bi motocin Agadas ya tafi Libiya, kuma a lokacin da nake ba da labari ya shekara huɗu ba mu sa shi a ido ba. Inna tana ƙauyenmu, gaba da Kelle kaɗan. Tun kafin ya tafi yanar ido ta fara rufe mata gani, bayan tafiyarsa kuwa sai ta gama rufewa, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Sau biyu ya aiko da takarda, malamin lekol, wato makarantar boko, ya zo ya karanta mata. Ta yi godiya, amma da ya tafi ta ce mini, “Wannan ai muryar malam ce.” Ya aiko da hoto, ta shafa shi da yatsa ta miƙo mini, ta ce santsi ne kawai.

Ga kuma kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba tun da ta haife shi. In za ta yi maganarsa sai ta ce “ɗan'uwanka”, ko “wancan na arewa”. Ba ta zama hira da shi, ba ta yi masa dariya a gaban mutane, in ya shigo gida sai ta sami abin yi a madafa. Amma duk ranar da na je, kafin ma in sha ruwa sai ta tambaye ni ko an sami wanda ya sauko daga can. In na ce babu, sai ta ce, “To, dama tambaya ce,” ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ni kuwa na san ba tambaya ba ce kawai.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, ina tasha ina ɗaure kaya a kan mota, sai wani mutum mai baƙin tabarau ya zo yana neman direban Kelle. Aka nuna masa ni. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce kamannin da nake yi da Yaya sun isa shaida, ya zaro wani ɗan ƙunshi na farin ƙyalle daga jakarsa.

“Daga Sabha,” in ji shi. “Wata biyu ke nan yana jikina, har kwana uku muka yi a hamada mota ta mutu, ban yarda na rabu da shi ba. Ya ce hannun tsohuwa, ba hannun kowa ba.”

“Yana lahiya?”

“Lahiya lau. Ya yi ƙiba ma. Sauran ka ji daga bakinshi.”

Na karɓa. Na ruga kantin Alhaji na ɗauko sababbin pil don rediyon gida, na roƙi wani mai babur da zai riga ni isa ya biya ƙauyenmu ya shaida wa Inna cewa kaset ya zo, a shirya, ina nan tafe kafin la'asar. Na sa ƙunshin a aljihun gaba na rigata. Har nan duk na yi abin da ya kamata.

Mun bar Gure bayan azahar. A baya akwai mutum bakwai ko takwas a kan buhuna, a gaba kuma kusa da ni wani dattijo makiyayi mai babban rawani, wanda ya kawo raguna kasuwa yana komawa gida. Hanyar Kelle a lokacin ba hanya ba ce, sawun taya ne guda biyu a cikin yashi, ka hau tudu ka gangara kwari, ka sake hawa. Mota tana son hannu biyu a irin wannan wuri, don da ka saki sawun kaɗan yashi zai ja ka inda ya so. Na yi kusan sa'a guda ina tuƙi ina jin ƙunshin yana bugun ƙirjina duk inda muka yi tsalle.

Ba zan ce son gulma ne ya ja ni ba, ko da yake ina da rabona a nan. Abin da ya faru shi ne, ina cikin tuƙi na yi ƙoƙarin tuna yadda Yaya yake kiran sunana, sai na kasa. Na tuna fuskarsa, na tuna tabon lauje a hannunsa, na tuna yadda yake goya ni mu gangara kwari ban ruwa. Amma muryar ta ɓace mini gaba ɗaya. Mutumin da muka kwana ɗaki guda shekara ashirin, ga muryarsa a aljihuna, ga rediyo a gaban gwiwata. Kewarsa ta taso mini. Na ce wa kaina zan ji sallamar kawai, in mayar, in ɗinke a Kelle, ba wanda zai sani.

Na zaro ƙunshin na fara cizge ɗinkin da haƙori. Dattijon ya juyo yana kallona.

“Na wa ne, ɗana?”

“Na Innarmu ne, Baba. Yayana ya aiko.”

Ya leƙa baya ta taga, ya dawo da kansa. “To wace ce Innar taku a cikin waɗannan? Ni ban ga tsohuwa ba.”

Na yi dariya na ce sallama kawai zan ji. Ya ce shi dai a garinsu ba a buɗe tukunyar wani a hanya, amma mota tawa ce. Na tura kaset ɗin.

Da farko shuuu kawai, sai ƙarar ana gyara zama, sai tari. Daga tarin ma na gane shi. Sai ga murya ta cika motar: “Salamu alaikum, mutanen gida. Ni ne, ban mutu ba, ban kuma zama Balarabe ba.” Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Muryar tana nan yadda na bar ta, da ɗan kaushin nan nata, da yadda yake jan ƙarshen magana kamar mai jin barci. Na ji kamar yana zaune tsakanina da dattijon. Sallamar da na ce zan ji ta wuce, hannuna bai ko motsa ba.

Ya gaida Kawu, ya gaida liman, ya bi gidajen ƙauyenmu ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko guda ba. Ya ce shi da ya gudu daga garka, ga shi can ma garka yake yi wa wani, yana ban ruwan tumatir daga safe har yamma. Ya ce burodi ya ishe shi, in ya rufe ido tuwon hatsi yake gani. Ya tambayi dabinon da ya dasa a bakin rijiya, ko ya fara haihuwa, ya ce in ya yi kada a bari awakin Kawu su riga shi ɗanɗanawa. Dattijon da ya hana ni kunnawa shi ne ya karkato kunne yana gyaɗa kai, har yana amsa gaisuwar da ba tasa ba.

Sai Yaya ya zo kaina. “Saura kai, sarkin gaggawa. An ce mini ka zama direba, to Allah ya tsare bayinsa. Na san halinka. In kaset ɗin nan ya biyo ta hannunka, sai ka ji shi kahin Inna. In kana ji na yanzu a ɓoye, to ka ji kunya ka kashe.” Ya fashe da dariyar nan tasa mai ƙarewa da tari.

Dattijon ya yi dariya har rawaninsa ya zame. “Wannan ya san ƙanenshi,” in ji shi. “To ka ji dai. Kashe.”

Ni ma dariya nake yi ina share ido da kafaɗa. Na ce bari dariyar ta ƙare tukuna. Da ta ƙare sai aka ɗan yi shiru a cikin kaset ɗin, sannan muryar ta dawo ƙasa-ƙasa, ba irin ta ɗazu ba.

“To jama'a, na gaishe ku duka. Yanzu ku yi haƙuri ku naɗe tabarminku ku ba mu wuri. Inna, saura ni da ke. Na san kina bayan zana kina yi kamar ba ki ji. Ki matso kusa da rediyo. Akwai maganar da na daɗe ina so in yi miki, ban iya ba muna ido da ido.”

A nan ne kunya ta kama ni da gaske, na ji kamar na faɗa ɗakin mutane ba sallama. Da na kashe kawai na bar shi, da ba a yi komai ba. Amma mai laifi ɓoye sawu yake fara tunani. Na miƙa hannu na danna maɓallin mayarwa baya, don kaset ɗin ya koma farko kamar ba a taɓa shi ba. Rediyon ya yi wata ƙara da na sani, ƙurrr, sai ya shaƙe. Ya kama zaren.

Muna kan gangarar wani tudu ne, kwari yana gabanmu da gorubarsa. Abin da ya kamata in taka birki in tsaya. Minti biyu ya isa. Amma ni a kaina kowace daƙiƙa zaren ƙara shiga yake yi, kuma ni ne direban da yashi bai taɓa riƙewa ba. Na sunkuya, na danna kaset ɗin ya fito rabi, na sa yatsa ina lallaɓo zaren daga cikin ƙarfen. Na ji dattijon ya ce, “Ɗana, hanya.” Na ce ina gani. Ban gani ba. Kaset ɗin ya fito a hannuna da zare yana bin sa, na ɗago kai, sai ga kututturen goruba a gaban tayar dama. Na murɗa sitiyari da ƙarfi, motar ta bar sawu, ta yi tsaye a kan taya biyu kamar tana shawara, sannan ta kwanta a gefen dattijon.

Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Yashi ne ya karɓi na baya, suka zube tare da buhunan, wata mata ta fashe a goshi, sauran ƙurjewa ce da firgita. Dattijon ne ya karye a hannu, don ni da nauyina duka a kansa na faɗa. Masu garka suka hauro daga kwari da gudu, suka jawo mu ta taga, aka taru aka tayar da motar. Ni ban ji ciwon komai ba. Ina rarrafe cikin yashi ina neman kaset, mutane suna zaton kaina ne ya taɓu. Na same shi a ƙasan kujerar gaba. Batirin motar a ƙarƙashin kujerar nan yake, ya tsinke ya fashe, ruwansa ya malale. Kaset ɗin ya tsage biyu yana kwance a ciki, zaren ya warware ya jiƙe sharkaf, da na ɗaga shi sai baƙin yake biyo yatsuna.

Dattijon yana zaune a inuwar goruba ana ɗaure masa hannu da rawaninsa. Na je na durƙusa ina ba shi haƙuri. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya dubi abin da ke hannuna ya ce, “Hannuna zai ɗoru, ɗana. Je ka san abin da za ka ce ma tsohuwa.”

Washegari jandarma suka tambaye ni yadda aka yi, na faɗa musu gaskiya. Wanda yake rubutawa ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce ba gudu na yi ba, ba giya na sha ba, takarduna cikakku ne, kuma shi bai san wata doka da ta hana mutum taɓa rediyonsa ba. Ya ja mini kunne ya sallame ni. Na fito ina jin da ma akwai dokar, da ma an rufe ni kwana biyu, ko na ji an hukunta ni. Alhaji ya karɓe makullinsa na wasu watanni, wannan bai dame ni ba ko kaɗan.

Na koma Gure wajen wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya wanke zaren, ya shanya shi a inuwa, ya yanke inda ya narke, ya liƙa da jan farce, ya naɗe a cikin sabon gida. Muka kunna. Shuuu, daga farko har ƙarshe. Ya ce ruwan batir ya cinye maganar, roba kawai ta rage.

Sai a rana ta uku na iya zuwa ƙauye. Na tarar da tsakar gida a share, tabarmi a jingine a bango, rediyo a kan turmi an lulluɓe shi da zane. Ƙanwata ta raɗa mini cewa a ranar mutane sun cika gidan tun kafin la'asar, Inna ta sa an dama fura, ta yi wanka ta ɗaura zanenta na salla, ta zauna bayan zana. Har aka kira magariba suna jira, sannan labarin hatsarin ya iso.

Na shiga na durƙusa a gabanta. Ta laluba kaina, ta laluba kafaɗuna da hannuwana, ta tabbatar babu abin da ya karye, ta yi hamdala. Sannan ta gyara zama tana jira. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ban taɓa jin maganar da ta yi mini nauyi a baki kamar wannan ba.

“Yana ina?” ta ce.

“Ga shi, Inna. Amma babu komai ciki.”

“Sa mini.”

Na sa pil ɗin da na sayo, na kunna. Ta jawo rediyon ta ɗora a cinyarta, ta kwantar da kunne a jikinsa. Shuuu. Bayan ɗan lokaci na miƙa hannu zan kashe, ta buge mini hannu. “Bar shi, ko zai hito a gaba.” Haka ta zauna har fuskar ta ƙare, rabin sa'a cur, maɓallin ya yi tsalle da kansa. Ni ina gefe ina kuka kamar ƙaramin yaro, ita ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Ta ajiye rediyon ta ce, “To kai da ka ji, faɗa mini. Yadda ya faɗa, kar ka gyara.”

Na fara daga sallama. Na yi mata gaisuwar Kawu da ta liman, da garkar tumatir, da burodi, da dabinon bakin rijiya. Na yi mata inda ya ce mini sarkin gaggawa, ta yi ɗan murmushi. Da na zo wajen “Inna, saura ni da ke, ki matso kusa da rediyo”, sai na ga ta ja jiki a kan tabarma ta matso kusa da ni. Na ƙarasa ƴan kalmomin da suka rage na tsaya.

“Sai me?”

“Nan na kashe, Inna.”

Can ta ce, “Ka yi daidai da ka kashe. Ba taka ba ce.”

Na sayo sabon kaset muka ɗauki amsa. Kowa ya yi maganarsa, Kawu ya kare awakinsa, ni na ba da haƙuri na faɗi abin da na yi. Inna ta sa aka fita duka, har ni, ta yi tata ita kaɗai. Ƙanwata da ta danna mata maɓalli ta ce ba ta fi minti guda ba, kuma abin da ta tsinkaya daga waje shi ne, “Saƙo ya iso, amma ka sake mini nawa.” Muka ɗinke, muka jira mai tafiya kusan wata biyu, muka ba shi.

Daga nan sai jira. Duk motar da ta sauko daga Agadas ina bakin tasha. Na zama abin tsokana, da an ga baƙo mai jakar Libiya sai a ce ga mutuminka. Damina ta zo ta wuce, dabinon bakin rijiya ya yi ƴaƴan fari, Inna ta sa aka ɗebi kaɗan aka shanya aka ajiye masa a tukunya. Wajen wata takwas bayan hatsarin wani ya zo, amma ba kaset ya kawo ba. Ya kawo agogon Yaya da bargonsa. Zazzaɓi ne na kwana biyar, aka binne shi a can. Na tambaye shi ko amsarmu ta isa. Ya ce ta isa, Yaya ya ji ta ya yi ta dariya a kan awakin Kawu, ya ce zai sake ɗauka in ya sami rediyon aro. Bai samu ba.

Inna ta yi shekara tara bayansa. A shekarun nan, duk zuwan da na yi ƙauye, bayan an ci abinci sai ta kori jikoki ta ce, “Zo ka yi mini.” Na yi mata har na haddace, har da tarin, har da jan ƙarshen maganar. Ƙanwata ta ce in tana waje wani lokaci gabanta faɗuwa yake yi, ta zaci shi ne. Kuma kullum in na zo wurin nan sai Inna ta matso, ni kuma in tsaya. Wata rana abin ya fi ƙarfina, na ce bari in ba ta wani abu ta riƙe. Na ci gaba da muryarsa na ce, “Inna, ki yafe mini, kuma ki sani ban taɓa kwana ban tuna ki ba.” Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

“Wannan ba ka ji shi ba.”

“Ban ji ba, Inna. Amma na san abin da zai ce ke nan.”

“Kai ka sani, ni ban sani ba. Kar ka ƙara mishi abin da bai ce ba. Tsaya inda ya tsaya.”

Ban sake ba. Har ta koma ga Allah a nan muke tsayawa, kuma ba ta taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya, wanda shi ya fi yi mini ciwo. Yanzu na girmi Yaya da shekaru masu yawa, na yi furfura shi bai yi ba, amma har gobe in na gangara wani kwari mai goruba sai in ji ina son jin tarin nan nasa.

Abin da wannan rana ta koya mini ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. Mai tuƙi ba shi da hannun aro, ba shi da idon aro, kuma abin da yake ɗauke da shi ba nasa ba ne, ko rayukan da ke bayansa ko amanar da ke aljihunsa. Duk daɗin muryar da ke kiranka, duk kewar da kake yi mata, ka gangara gefe ka kashe mota ka saurare ta a tsanake, ko ka bari sai ka isa. Maganar Yaya ta yi wata biyu tana ratsa hamada ba ta yi ko ƙwarzane ba, saura tafiyar sa'a guda ta isa kunnen mai ita. Da na haƙura da sa'ar nan, da Inna ta ji ɗanta.